Rumbunan bayanai a bayan katangar mutane: wa ke da ikon cewa a'a?

Baban Sadiya (Sterling, Birjiniya):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya dace in kawo ta nan tunda muna da lauyoyi da injiniyoyi a cikinmu. Shekara 11 ke nan ina zaune a gundumar Loudoun ta jihar Birjiniya a Amurka, ba nisa da filin jirgin saman Dulles. Lokacin da muka sayi gidanmu, bayan katangarmu kurmi ne, da yamma barewa kan fito kiwo har bakin shinge, yara suna leƙenta ta taga. Yau in na ɗaga labulen ɗakin nan, abin da ke gabana bango ne mai launin toka wanda tsayinsa ya kai na bene mai hawa 5, ba taga, ba mai shiga ba mai fita. Rumbun bayanai ne, wato irin ginin da ake jibge dubban kwamfutoci a ciki, waɗanda suke riƙe da hotunanmu da saƙonninmu da duk abin da muke taɓawa a intanet. Da rana ba a cika jin komai ba saboda motoci, amma in dare ya raba sai wani gurnani ya taso ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a unguwa ta uku wanda mai shi ya manta bai kashe ba. Uwargida ta koma kwana da fanka a kunne ko a tsakiyar hunturu, don kawai ƙarar fankar ta danne wancan.

Ginin bai ɓata mini rai kamar amsar da muka samu a ofishin tsara filaye na gunduma ba. Mun je mu huɗu daga unguwa muna tambayar dalilin da ya sa ba a kira mu zaman jin ra'ayi ba kafin a fara haƙa. Ma'aikaciyar ta karɓe mu da mutunci, ta juyo mana fuskar kwamfutarta, ta nuna mana taswira mai launi-launi, ta ce filin nan tun kafin a gina gidajenmu an ware shi ga masana'antu da ofisoshi, kuma rumbun bayanai yana cikin abubuwan da dokar lokacin ta yarda a gina a irinsa kai tsaye, ba sai an kai maganar gaban majalisar gunduma ba. Ma'ana ba wanda ya karya doka, ba kuma wanda za mu kai ƙara.

A watan Maris na 2025 majalisar gundumar ta soke wannan izini na kai tsaye, yanzu duk mai son gina sabon rumbu sai ya nemi izini na musamman, a yi zama a bainar jama'a, wakilai su kaɗa ƙuri'a. Sai dai an ƙyale takardun neman izini da suka riga suka shiga layi su ci gaba a kan tsohuwar doka, kuma rumbunan da ke tsaye a gundumar sun kai wajen 200. Tambayata ita ce: wannan ba ihu bayan hari ba ne? Sannan ƙaramar hukumar da kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin gudanarwarta daga aljihun waɗannan kamfanoni yake fitowa, da wane baki za ta ce musu a'a?

Injiniya Ɗan Fage (Manassas):

Wa alaikumus salam Baban Sadiya. Allah ya kawo sauƙi a kan batun barcin iyali, ban raina shi ba ko kaɗan, domin ni da nake aikin wutar lantarki a cikin irin waɗannan gine-gine na san ƙarar da manyan fankoki da na'urorin sanyaya ruwa suke yi a kan rufi. Amma ina roƙon ka bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada zaure ya ɗauka cewa gunduma ta sayar da mutanenta ne a banza.

Abin da ya sa ƙananan hukumomi suke son rumbun bayanai shi ne yana biya da yawa, yana nema kaɗan. Idan aka gina gidaje 300 a fili, gunduma sai ta gina makaranta, ta ɗauki malamai, ta ƙara 'yan sanda da motocin kashe gobara, ta faɗaɗa titi. Idan rumbu aka gina a wannan filin, ma'aikatan da za su riƙa zuwa kullum ba su wuce 'yan gommai ba, ba yaro ko ɗaya da zai shiga makarantar gwamnati ta dalilinsa. Kuma harajin bai tsaya kan gini da fili ba. Kwamfutocin da ke ciki su ma ana biya musu harajin kadara, a Loudoun dala 4 da ɗoriya a kan kowace dala 100 ta darajarsu, ga shi duk bayan 'yan shekaru ana kwashe su a zuba sababbi masu tsada, sai harajin ya sake tashi. Gundumar da kanta tana cewa a duk dala 1 da ta kashe wa rumbunan, tana karɓar kimanin dala 26. Da wannan kuɗin ne aka yi ta rage ƙimar harajin gidaje shekara bayan shekara. Ka duba takardar harajin gidanka, ka gwada ƙimar da ta maƙwabtanku na gundumar Fairfax, za ka ga bambanci. Makarantar da Sadiya take zuwa, da ɗakin karatu, da filin wasan unguwarku, duk akwai kuɗin bangon nan mai launin toka a cikinsu.

Game da izinin kai tsaye kuwa, a yi wa mutanen wancan lokacin adalci. Lokacin da rumbunan farko suka zo garin Ashburn da ke cikin Loudoun, zamanin da kamfanin intanet na AOL yake tashe a yankin, ƙananan gine-gine ne da ba su bambanta da ofis ba, shi ya sa aka sa su aji ɗaya da ofisoshi. Ba wanda ya hango cewa wata rana gini ɗaya zai sha wutar da ta ishi ƙaramin gari.

Baban Sadiya:

Injiniya, na gode, kuma ban musa lissafinka ba. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: amfanin ya bazu a kan mutum fiye da 400,000 na gundumar, wahalar kuwa ta taru a kan 'yan layukan da suke manne da ginin. Mutumin da ke yammacin gunduma cikin gonakin inabi da dawaki ya sami ragin haraji daidai da nawa, shi kuma yana barcinsa lafiya. Wannan rabon ai shi ne aikin da aka kafa ofishin tsara filaye dominsa. Kuma maganar kuɗin ita ce tsorona, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hajiya Uwar Marayu (Gainesville, Prince William):

Salamu alaikum. Ina bin maganarku tun safe, sai yanzu na sami zama. Baban Sadiya, ka ce da an kira ku zaman jin ra'ayi da abin ya zo da sauƙi. To mu nan gundumar Prince William an kira mu, bari in ba ka labarin yadda ta kaya.

Aikin rumbunan bayanai da ake kira Digital Gateway fili ne na kimanin eka 2,100 a kan hanyar Pageland Lane, gab da filin yaƙin Manassas inda aka gwabza a 1861 da 1862 lokacin yaƙin basasar Amurka. Yankin karkara ne da aka daɗe da hana manyan gine-gine a cikinsa, don haka ba hanyar da kamfanonin QTS da Compass za su bi sai majalisar gunduma ta sauya wa filin aji. Masu gonakin wurin da yawa su ne suka haɗa kai suka nemi a saya, saboda an yi musu tayin kuɗin da noma ba zai taɓa kawowa ba. Har wakilin yankin a majalisar yana cikin masu filin, dole ya janye daga ƙuri'a, daga baya ya yi murabus. Unguwa ta rabu biyu, maƙwabtan shekara 30 suka daina gaisawa.

A watan Yuni na 2023 masu zaɓe suka kayar da shugabar majalisar, Ann Wheeler, tun a zaɓen fidda gwani, suka tsayar da Deshundra Jefferson wadda ta yi kamfe da adawa da aikin. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Sai tsohuwar majalisar ta sa zaman yanke hukunci a watan Disamba, makonni kaɗan kafin wa'adinta ya cika. An fara zama ranar 12 ga wata da safe, ba a tashi ba sai washegari, awa 27 cur. Ni na je bayan la'asar, na zauna a zauren waje tare da wasu tsofaffin mata da suka zo da barguna da filas ɗin shayi, kowacce tana riƙe da takardar da ta rubuta jawabinta na 'yan mintoci. Ban iya kwana ba, na dawo gida na ci gaba da kallo ta intanet. Da aka zo ƙuri'a, 4 suka amince, 3 suka ƙi, ɗaya ya ƙaurace. Ɗaruruwan mutane sun yi magana, amma ban ga alamar jawabin wani ya sauya ra'ayin wakili ko ɗaya ba.

Abin da ya tsayar da aikin daga baya zai ba ka mamaki. A watan Agusta na 2025 mai shari'a Kimberly Irving ta soke sauyin ajin filin, a ƙarar da mazauna unguwar Oak Valley suka shigar, kuma hujjar ba ta shafi ƙara ko ruwa ko tarihin filin yaƙi ba. Gunduma ce ba ta buga sanarwar zaman a jarida bisa ƙa'idar kwanakin da dokar jiha ta gindaya ba, saboda gaggawar da ake yi a gama kafin sabuwar majalisa ta hau. An ɗaukaka ƙara bayan haka. Ni dai abin da na koya shi ne zaman jin ra'ayi ba ya hana komai in an riga an gama magana a bayan fage, sai dai yana tilasta wa kowane wakili ya ɗaga hannu a gaban mutane, a san wanda za a tuna da shi ranar zaɓe.

Barista Na Gwale (Kano):

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin kawo misalin da ya fi dacewa. Sai dai ina so in ɗan gyara fahimtar da wasu za su iya yi, cewa kotu ta fake da ƙaramin abu. A shari'ar filaye sanarwa ba ƙaramin abu ba ce. Ikon da majalisa take da shi na sauya ajin fili aro aka ba ta bisa sharaɗi, kuma sharaɗin farko shi ne ta sanar da waɗanda abin zai shafa a kan lokaci, ta ajiye takardun inda za su iya karantawa. In ta tsallake wannan, hukuncinta tamkar ba a yi shi ba ne tun asali. Alƙali ba zai ce wa zaɓaɓɓun wakilai ra'ayinsu a kan amfanin rumbu kuskure ne ba, wannan siyasa ce, amma zai iya ce musu ba su bi hanya ba.

Baban Sadiya kuma, tambayarka tana da amsa biyu, domin ikon gunduma a Birjiniya yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Ta sama, jihar tana bin abin da ake kira ƙa'idar Dillon, wadda ta ce ƙaramar hukuma ba ta da wani iko sai wanda majalisar dokokin jiha ta ba ta a fili. Shi ya sa gunduma za ta iya cewa gini ya ja baya kaza daga gidaje, kada tsayinsa ya wuce kaza, a rufe injinan da katanga, amma manyan layukan wutar da ke ciyar da ginin hukumar jiha ce da ke birnin Richmond take amincewa da hanyarsu. Gunduma tana iya ba da shawara a binne waya a ƙasa, hukumar ta ce a kafa turaku. Ta ƙasa kuwa, mai fili yana da haƙƙin da ya riga ya tabbata: in doka ta ba shi damar gini ya kuma kashe kuɗi bisa wannan dama, ba a ƙwace ta da rana tsaka. Wannan ne dalilin da ya sa Loudoun ta ƙyale takardun da ke layi, don ta san in ta soke su za ta kwana a kotu.

To ihu bayan hari ne? Ga layinku, eh. Ga filayen da suka rage, a'a, domin izini na musamman yana ba majalisa abin da ba ta da shi a da, wato damar ciniki. Mai neman izini yakan rubuta alkawura da hannunsa, su zama sharaɗin da ke bin filin ko ya sayar: zai auna ƙara kafin gini da bayansa, zai bar itatuwa tsakaninsa da gidaje, ba zai gwada janareto da dare ba. Fairfax ta bi wata hanyar a watan Satumba na 2024, ta rubuta a cikin doka cewa ginin ya nisanci filin gidaje da ƙafa 200, kuma a yi binciken ƙara. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana.

Injiniya Ɗan Fage:

Barista, ƙafa 200 ai mita 60 ce da 'yan kai, ko tsawon filin ƙwallo ba ta kai ba. A nan zan goyi bayan Baban Sadiya, don abin da yake ji da dare na san shi. Yawancin dokokin ƙara an rubuta su ne don kiɗan biki da haushin kare da injin yankan ciyawa, ma'aunin da ake amfani da shi kuma yana rage nauyin sauti mai kauri, irin wanda ke ratsa bango da gilashi. Jami'i zai zo da na'urarsa ya tsaya a bakin shinge, allura ta nuna ba a wuce iyaka ba, ya rubuta ya tafi, mai gida kuma ya kwana ido biyu. A nan Prince William tsohuwar dokar ma ta keɓe na'urorin sanyaya iska daga iyakar ƙarar dare, saboda masu rubuta ta na'urar gidan mutum suke tunani, sai da mutane suka yi ta ƙorafi aka gyara.

Amma ina nan a kan bakana game da hani. In Loudoun ta rufe ƙofa, buƙatar ba ta gushe ba, kamfanin zai gangara kudu ne zuwa gundumomin karkara inda eka ba ta kai miliyoyin dalolin da ake biya a Ashburn ba, inda ofishin tsara filaye mutum uku ne, lauyan gunduma kuma na haya. Can za a karɓe shi hannu bibbiyu, wayar wutar kuma ta ratsa ta gonar wanda ko sisin harajin ba zai gani ba.

Maman Hanif (Dublin):

Salamu alaikum iyaye da yayye. Maganar Barista a kan iyaka ta sama ta tuna mini da abin da ya faru a nan Ailan, inda lamarin ya fi na Birjiniya tsanani in aka duba girman ƙasar. Hukumar ƙididdiga ta ce a 2015 rumbunan bayanai kashi 5 cikin 100 na wutar ƙasar suke sha, zuwa 2023 sun kai kashi 21, sun zarce duk gidajen birane in aka haɗa su. Yawancinsu kuma a kewayen Dublin suke, musamman kudu maso yamma, wajen Grange Castle.

A 2022 kansilolin ƙaramar hukumar Dublin ta Kudu suka kaɗa ƙuri'a suka sa haramcin gina sababbin rumbuna a cikin tsarin raya yankinsu. Ba a je ko'ina ba gwamnatin ƙasa ta ba da umarni a cire wannan sashe, bisa hujjar cewa ya saɓa wa manufar ƙasa. Zaɓaɓɓun mutane sun ce a'a, an mayar da ita eh daga sama. Amma a watan Agusta na 2024 wannan ƙaramar hukumar dai ta ƙi ba Google izinin ƙara wani rumbu a Grange Castle, wannan karon da hujjar cewa layin wuta ba zai ɗauka ba, kuma kamfanin bai nuna isasshen tanadin wuta mai sabuntawa a wurin ba. Abin da na fahimta shi ne haramci na gaba ɗaya yana da saurin karyewa, ƙin takarda ɗaya bisa dalilin da aka rubuta dalla-dalla ya fi wuyar tunkuɗewa.

Kuma gaskiya abin da ya fi rage gudun gine-ginen a Dublin ba kansiloli ba ne. Kamfanin EirGrid mai kula da manyan layukan wuta ne ya ce ba zai iya jona sababbin rumbuna a yankin ba har zuwa wajen 2028. Injiniya ya fi ni sanin wannan, amma ina ganin mai riƙe da makunnin wuta ya fi mai riƙe da taswira iko.

Malam Sani Mai Shayi:

Ina gaida malamai. Ni ban taɓa fita waje ba, amma ina karantawa da sha'awa. Barista, don Allah a taimaka mini da wannan: in yau wani kamfani ya zo yana son eka 500 a Gezawa ko Kura don irin wannan gini, shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa suna da ta cewa kamar yadda ake yi a can, ko kuwa sai dai manoma su wayi gari su ga ana kafa duwatsun awo?

Barista Na Gwale:

Malam Sani, amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya ne kawai a filin da ba na birni ba, kuma ko a nan ba za ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Wa ke ayyana inda ya zama birni? Gwamna. Wa ke soke haƙƙin mallaka da sunan maslahar jama'a? Gwamna. Izinin gini kuma a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce take bayarwa, ita kuma ta jiha ce. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 ya yi magana ne a kan kuɗin ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, bai taɓa ikon fili ba.

Ka ga bambancin ke nan. Abin da Baban Sadiya yake kuka da shi, wato gunduma ta dogara da harajin kamfani har tana jin nauyin ƙin sa, ƙaramar hukuma a nan ko wannan matsalar ba ta samu ba, domin ba ita ke ba da izini ba, harajin ma ba lallai ya biyo ta hannunta ba. A Legas, inda manyan rumbunan ƙasar nan suke, irin su Rack Centre a Ikeja da na MainOne a Lekki wanda kamfanin Equinix ya saya a 2022, jiha ce take karɓar harajin fili da gini a dunƙule. Ga shi kuma namu rumbunan sun fi dogara da injinan gas da dizal saboda halin da wutar ƙasa take ciki, abin da a Birjiniya sai wuta ta ɗauke ko ranar gwaji ake tayar da su. Manomin Gezawa abin da doka ta tanadar masa shi ne diyyar amfanin gona da ginin da ke kan filin, ita ƙasar ba a biyan kuɗinta.

Hajiya Uwar Marayu:

Barista, kada jin wannan ya sa mutanen gida su ɗauka nan aljanna ce. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu, wato sirri. Sau da yawa kamfani yakan sa jami'an gari su sa hannu a takardar rufe baki kafin ya faɗa musu ko shi wane ne, aikin ya zo da sunan boge. A garin The Dalles na jihar Oregon sai da hukumar garin ta kai jaridar Oregonian kotu don kada a bayyana yawan ruwan da Google yake sha, da aka sasanta a ƙarshen 2022 sai ga shi ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin duka. A Tucson ta jihar Arizona ma ɓoye-ɓoyen nan ne ya harzuƙa mutane, har majalisar birnin ta yi watsi da aikin rumbunan da ake kira Project Blue da ƙuri'a 7 ba hamayya a watan Agusta na 2025.

Game da tsoron Baban Sadiya na ladan kuturu, akwai abin da ya ɗan kwantar mini da hankali. Sabuwar majalisarmu ta ɗaga harajin kwamfutocin rumbuna daga dala 2.15 zuwa 3.70 a kan kowace dala 100 a 2024, an yi ta barazanar cewa kamfanoni za su gudu, ban ga wanda ya kwashe kayansa ba. Wayoyin intanet da wutar da suke buƙata a nan suke, su ma suna da abin da ya ɗaure su.

Baban Sadiya:

Na gode wa kowa. Injiniya, maganarka ta ma'aunin ƙara ta warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, domin sau biyu jami'i yana zuwa gidanmu da na'urarsa yana cewa komai daidai ne, har na fara zargin kunnena. Barista, na karɓi gyaranka rabi. Na yarda izini na musamman ya buɗe ƙofar ciniki, amma har yanzu ina ganin wanda ke zaune a teburin cinikin yana lissafin kasafin kuɗin baɗi ne, mu kuma muna lissafin barcin daren yau, kuma ban ji wanda ya nuna mini yadda za a sa wakilin da ke yammacin gunduma ya ji abin da layinmu yake ji ba.

Akwai wani fili da ya rage a ƙarshen titinmu, tsohon wurin ajiye manyan motoci, makon jiya na ga an kafa allon sanarwa a bakinsa cewa an nemi izini na musamman. Wannan karon za a yi zama. Mun haɗu da maƙwabta a garejin wani dattijo Ba'indiye da ke kusa da mu, mun raba aiki: shi zai nemo takardun da kamfanin ya shigar, wata malamar makaranta za ta bi diddigin ranakun da aka buga sanarwa a jarida kamar yadda mutanen Hajiya suka yi, ni kuma aka ba ni batun ƙara. Injiniya, in ba damuwa zan aiko maka da binciken sautin da suka haɗa da takardunsu, shafi 40 ne da wani abu, ka duba mini ko sun auna sauti mai kaurin nan, da kuma ko da dare suka yi awon ko da rana.

Injiniya Ɗan Fage:

Aiko shi Baban Sadiya, zan duba bayan isha'i in Allah ya yarda. Ka haɗo mini da zanen rufin ginin in yana ciki, ina so in ga ta wane ɓangare suka jera fankokin, da tsayin katangar da suka ce za su kewaye su da ita.